Gyaran Matakala a Makka

Umara ce ta kai ni Makka, a lokacin sanyi, amma tun kafin in bar Kano dangi suka cika mini jaka da saƙon Gwaggo: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, da yajin da matar yayana ta daka da hannunta. Goro kaɗai aka bari, don hukumomin Saudiyya sun hana shiga da shi. Gwaggo yayar mahaifinmu ce. An aurar da ita ga wani almajirin malami tana yarinya, suka kama hanyar gabas tun Nijeriya ba ta sami 'yancin kai ba. Sun bi ta Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, da Abeche, suka shiga Sudan ta Janaina da Fashir, suka zauna suna tsinkar auduga a Jazira har kuɗin jirgin ruwa ya taru, sannan suka haye Bahar Maliya. Wannan tafiya da ta ci musu shekaru ita ce jirginmu ya yi daga filin Malam Aminu Kano zuwa Jidda cikin awa huɗu da 'yan kai. Daga filin jirgin kuma muka hau jirgin ƙasan Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018, ya sauke mu a tashar Rusaifa muna ta talbiyya.

Bayan na yi ɗawafi da sa'ayi na yi aski, ɗan Gwaggo na fari ya zo ya ɗauke ni daga masauki, ya ce Gwaggo ta rantse ba zan kwana a otal ba tana da rai. Gidan yana cikin wani lungu a gangaren dutse, ta wajen Shara Mansur, inda za ka ji ana ciniki da Hausa, ka ga mai tsire da mai fura, ka ga alluna a bakin shaguna ɗauke da sunan Hausawi da Barnawi da Fallata. Zaman mutanenmu a nan ya daɗe. Wasu zuriyar alhazan da suka zo da ƙafa ne, wasu kuma jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, jama'arsa suka ci gaba da nausawa gabas. Mota ba ta shiga lungun. Ƙafa ce, hawa bayan hawa, har ka isa ƙofar.

Na tarar da Gwaggo a falon ƙasa, an shimfiɗa mata katifa a gefe. Bayan gaisuwa da koke-koke da tambayar waɗanda suka rasu, na ce, "Gwaggo, a nan kike kwana?" Ta ce, "Ɗan nan, tun azumin bara ban hau sama ba. Je ka dubi matakalar da idonka."

Gidan hawa uku ne, ginin dutse irin na da. Matakan dutse ne da aka shafe, amma kowane mataki an kafa masa katako a leɓe, don kada gefen ya gutsure da yawan taku. Hawan ƙarshe, wanda ke fita kan soro, shi katako ne zalla, kuma tun daga ƙasa har sama akwai makari na katako da ake dafawa. Da na ɗora hannu a kan makarin sai na ji ya biyo ni. Sanduna biyu sun fita daga raminsu, an ɗaure su da waya. Leɓen wani mataki ya lotsa a tsakiya, wani kuma ya yi baƙi, domin ruwan na'urar sanyaya ɗaki ya shekara yana ɗiga a kansa. A wannan mataki Gwaggo ta zame, Allah ya taƙaita abin ya tsaya a targaɗe. Ɗakinta yana hawa na biyu, da akwatunanta da tagar da take hango hasken Harami, kuma a kan soro take shan iska bayan magariba tun da suka tare a gidan. Matakala ta raba ta da wannan duka.

Ashe an taɓa kawo mai gyara. Wani ne da aka samu ta waya, ya zo ya leƙa daga ƙasa, ya yanke kuɗi nan take, ya karɓi rabi, ya toshe ramuka da makwabin fenti, ya shafe komai da fenti mai ƙyalli, ya tafi. Ba a yi wata uku ba fentin ya fara ɓarewa, makarin ya koma girgizarsa, lambar mutumin kuma ta daina shiga. Gwaggo ba ta ce komai a kansa ba sai, "Araha ba ta ado."

Ina gidan aka sake shawara. Jikokin sun fi son a fasa komai, a shimfiɗa tayil, a kira mai walda ya kafa makarin ƙarfe mai sheƙi, irin wanda ke kowane sabon gida a Makka yanzu. Hujjarsu ba ta banza ba ce: aikin zai yi sauri, kuma babu wanda ya san ranar da za a zo a rubuta wa unguwar jan fenti a ce za a rushe. Gwaggo ta ce marigayi mijinta ne ya sa aka yi wannan katako da kuɗin guminsa, a gyara mata shi ko a bar ta a ƙasa. Yaya, ɗanta, ya goyi bayanta, aka fara neman kafinta.

Mutum uku suka zo. Na farko daga wani kamfanin kwangila mai rajista yake, da takarda da hatimi, kuma shi ma shawararsa a cire a sa sabo, don yaransa aikin allon katse da na'ura suka iya. Na biyu ya hau ya sauko, ya ce fenti kawai take so. Na uku wani dattijo ne da limamin masallacin lungun ya yi mana kwatancensa, Bahaushe haifaffen Makka, kowa yana ce masa Mu'allim, kamar yadda ake kiran duk wanda ya ƙware a sana'ar hannu a Hijaz. Ya koyi aiki a wurin wani kafinta ɗan Hadramaut tun yana yaro. Ya shigo da sallama, ya durƙusa ya gaida Gwaggo, sannan ya ciro ƙaramar guduma da doguwar ƙusa daga aljihu. Bai yi zancen kuɗi ba. Ya fara daga mataki na ƙasa, yana ƙwanƙwasa kowane katako da ƙotar gudumar yana kasa kunne, inda ya ji sautin bai yi masa ba sai ya soka ƙusar. A ginshiƙin ƙasa ƙusar ta shige har rabi ba tare da ya matsa ba, da ya zaro ta sai ga gari yana zuba kamar garin rogo. Ya ce, "Hajiya, gara ce. Ta bango ta shigo, ta cinye ciki ta bar miki fata." A hawa na biyu kuwa ya kankare fentin da bakin wuƙa, ya shinshina, ya kira ni. "Malam, zo ka ji. Wannan saj ne, ku kuna ce masa tik. Daga Jawa ko Indiya aka kawo shi ta Jidda. Yana da mai a jikinsa, gara ba ta son sa. Wanda gara ta ci wani katako ne da aka yi ciko da shi daga baya." Ya ɗauki alli ya yi wa abin da za a cire alama. Bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Kuɗin da ya yanka ya fi na mai fenti nesa ba kusa ba, amma bai kai na masu tayil ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka ƙulla jingar. Shi da kansa ya ce a rubuta: matakai nawa za a canza wa leɓe, sanduna nawa za a sake, wa zai sayi katako, wa zai sayi mai da banish, shafe nawa za a yi. Kuɗin aiki kashi uku, na farko idan an kawo kaya, na biyu idan makari ya tsaya, na ƙarshe sai Hajiya ta hau da ƙafarta. Yaya ya tambayi takardun yaran da za su taya shi, domin a Saudiyya laifi ne ka sa baƙo aiki alhali iƙamarsa, wato takardar zamansa, ba ta ba shi dama ba, kuma tarar tana hawa kan mai gida ma. Yaran biyu, ɗaya ɗan Bangaladash ɗaya ɗan Yaman, duk a ƙarƙashin shagonsa suke. Aka sa hannu, liman ya shaida, aka yi fatiha. Na ga ana ba da aikin miliyoyi a gida Nijeriya da baki kawai, a ƙare a gaban mai unguwa. Ban ga abin da ya hana mu wannan 'yar takarda ba.

Washegari ya ce in raka shi neman katako, kuma ba wurin masu sabon katako muka nufa ba. Haraj muka je, kasuwar gwanjo, wani fili a bayan gari inda ake jibge abin da aka ciro daga gidajen da aka rushe. Ƙyamare ne jingine da juna, da tagogi, da azarori, da guntayen rawashin, wato tagogin nan na katako masu sassaƙa da ke turo kai waje daga jikin bango, waɗanda iska ke ratsawa, na ciki ya ga waje, na waje bai ga ciki ba. Mu'allim yana ɗaga wannan yana ajiye wancan, yana gaya mini daga wace unguwa yake zaton kowanne ya fito, ta hanyar duba sassaƙar. A nan na ga Makkar da ban taɓa gani ba, a kwance a ƙasa ana sayar da ita da awo.

Wanda ya ga hotunan da wani likitan Makka, Sayyid Abdulgaffar, ya ɗauka a shekarun 1880 ya san cewa gari ne na dogayen gidajen dutse masu fuskar katako, da soraye masu katangar jan bulo mai huda-huda. Yawancinsu babu su yau. An rushe ganuwar Ajyad ta zamanin Usmaniyya a 2002, aka gina dogayen benayen nan, har da mai agogo, wanda tsayinsa ya kai mita 601. An fara kwashe unguwar Shamiyya a 2008 don faɗaɗa Harami ta arewa. Sabuwar hanyar da ake kira Masar, mai tsawon fiye da kilomita uku daga yammacin gari zuwa kusa da masallaci, ita ma ta bi ta kan tsofaffin unguwanni, har da inda mutanenmu suka yi shekaru. Masanin gine-ginen nan Sami Angawi, wanda ya kafa cibiyar binciken aikin hajji a 1975, ya daɗe yana kuka a kan wannan asara. Ni dai na yi ɗawafi cikin cunkoso, na san mutum miliyoyi suna bukatar wurin tsayawa, ba zan ce kada a faɗaɗa ba. Amma zuciyata ba ta yarda cewa dole sai an zubar da aikin hannun mutanen garin kafin a sami wurin ba.

Muka sayi tsohuwar azarar saj guda biyu da wani ƙyaure da ya karye. Daga cikinsu aka fitar da duk abin da ake bukata.

Aikin ya fara da wahala. Yaran suka zauna suna kankare fenti, shafe a kan shafe, kore a ƙarƙashin ruwan ƙasa, shuɗi a ƙarƙashin kore, har katakon ya fito da launinsa na zuma. A wuraren sassaƙa, inda abin kankara ba ya shiga, da fasasshen gilashi suke bi. Sai samfefa, mai kaushi tukuna, sannan mai laushi, kuma kullum ana bin tsawon jijiyar katakon. Na ga Mu'allim ya kama hannun yaron nan ɗan Yaman da ya fara gogawa a karkace, ya ce duk zanen da ya yi yanzu sai ya fito fili ranar da aka shafa mai. Aka tono bango inda garar ta biyo, aka zuba magani, aka gyara bututun na'urar sanyi aka mai da shi waje, don a cewarsa gyaran katako ba tare da an tsai da ruwan ba zubar da kuɗi ne.

Ginshiƙin ƙasa shi ya fi ɗaukar lokaci. Bai cire shi duka ba. Ya yanke ruɓaɓɓen gindin a karkace, ya sassaƙa sabon guntu daga azarar gwanjo, ya yi ta gwadawa yana cirewa yana ragewa da kaɗan kaɗan, har bakin biyu suka haɗu ba a ganin haske a tsakani. Ya shafa gam, ya huda, ya buga turakun katako maimakon ƙusa. Na tambaye shi dalili. Ya ce zafin Makka yana haura digiri 45 da bazara, katako yana tsukewa yana saki, ƙusar ƙarfe ba ta tafiya tare da shi, sai ramin ya yi faɗi ta fara wasa, turken katako kuwa tare suke motsi. Da aka zo kafa makarin, sai ya ce a taso da Gwaggo. Aka riƙo ta ta tsaya a mataki na farko, ya ce, "Hajiya, ɗora hannunki inda ya fi miki daɗi." Ya yi alama a bango, ya ƙara wani katakon dafawa a ɗaya gefen daidai wannan tsayi, ya kuma rage kaurinsa yadda yatsunta za su zagaye shi.

Shafe ya zo a ƙarshe. Mai ya fara sha, aka bar shi ya bushe, sannan banish marar kauri, a goge da samfefa mai laushi, a sake. Makarin ya sami sheƙi, amma leɓen matakai ya hana a sa musu mai santsi, saboda mutanen gida da safa suke hawa, ga kuma ƙafar da ta fito daga alwala. Kuma ba a shafe matakan gaba ɗaya rana guda ba: yau a yi ɗaya a tsallake ɗaya, gobe a koma kan waɗanda aka bari, don kada a tsare mutanen sama. Da an kira salla kowa zai ajiye abin hannunsa. Yawancin aikin bayan la'asar ake yi har dare.

Muna shan shayi wani dare ya tambaye ni ko na taɓa ganin matakalar Ka'aba. Na ce sai a talabijin, ranar wanki. Ya ce in je Ummul Jud.

Na je. Wurin baje kolin gine-ginen Harami biyu ne, a kan tsohuwar hanyar Jidda, daura da masana'antar da ake saƙa rigar Ka'aba. A tsakiyar zaure ga ta nan tsaye, matakalar katakon saj mai ƙafafun turawa, da makari gefe da gefe, an yi ta a shekara ta 1240 bayan Hijira, wajen 1825. Na zagaya ta ina duba abubuwan da Mu'allim ya koya wa idona: inda aka haɗa katako da katako, inda tafin hannu ya side makarin. A wurin kuma akwai ɗaya daga cikin ginshiƙan katako na cikin Ka'aba, na ginin Abdullahi ɗan Zubairu a shekara ta 65 bayan Hijira. Ginshiƙan uku ne, kuma sai a babban gyaran da aka yi zamanin Sarki Fahad, a 1996, aka sauya su. Katako ya riƙe rufin Ɗakin Allah fiye da shekara 1,300.

Dalilin matakalar ma yana cikin tarihi. Lokacin da Ƙuraishawa suka sake gina Ka'aba, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da shekara 35, Makka ba ta da itacen gini. Wani jirgin ruwan Rumawa ne ya fashe a gaɓar teku, suka je suka sayi katakonsa, kuma malaman tarihi irin su Azraƙi sun ambaci wani kafinta baƙo mai suna Baƙum da ya yi musu aikin. A wannan gini ne suka ɗaga ƙofar daga ƙasa, kuma ya zo a hadisin Nana A'isha cewa sun yi haka ne don su shigar da wanda suka so su hana wanda suka so. Har yau ƙofar tana sama da ƙasa da kimanin mita biyu, shi ya sa ba a shiga sai an turo matakala. Ita kanta ƙofar ta yanzu, wadda aka ƙera a 1979 zamanin Sarki Khalid da zinariya kilo 280, a kan katako aka ɗora zinariyar. Ashe sayen tsohon katako da ɗaukar kafinta aiki tsohuwar al'ada ce a garin nan, ta girmi Hijira.

Kafin in taso aka gama. Gwaggo ta yi bisimilla ta kama makarin da dama, sabon katakon da hagu, tana hawa tana hutawa, jikoki na biye da ita ba wanda ya taɓa ta. Da ta kai ɗakinta ta aiko a kira Mu'allim, ta sa aka ba shi cikon kuɗinsa, ta ƙara masa da tukuicin turare da rabin daddawar da na kawo. Ya bar wa Yaya ragowar man a gwangwani, ya ce a riƙa shafawa sau ɗaya a shekara, kuma kada a wanke matakalar da ruwa a kwarara, a goge da tsumma mai laima.

A hanyar komawa na tsaya a Jidda na shiga Balad, tsohon garin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. A can rawashin suna nan a jikin gidajensu, hukuma tana gyara su, na kuma ga matasa 'yan ƙasa suna koyon sassaƙa. Na ga gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, mai faffaɗar matakalar da ake cewa raƙumi yana hawa da kaya. Abin ya yi mini daɗi, ya kuma tuna mini da ƙyamaren zaurukan cikin birnin Kano da na Zariya da muke cirewa muna sa na ƙarfe, mu bar na katakon a bayan gida ruwa yana duka. Masu iya gyara su suna nan a raye, tsufa kawai suke yi, ba mai kiransu.

Ina roƙon malaman da ke jagorantar alhazanmu ziyara, idan an kai su Jabalun Nur da Saur da Arfa, a ƙara musu da Ummul Jud. Kai kuma mai niyyar Umara, ka ware yamma ɗaya daga cikin lokacin kasuwa, ka ce wa mai tasi ya kai ka wurin masana'antar rigar Ka'aba a tsohuwar hanyar Jidda. Matakalar tana zauren da ke kusa da ita.